Giselle ta 1841 ko ta 2016: wacce ta fi shiga zuciyar ɗan Damagaram?

An fara nuna Giselle a Paris a 1841, da kiɗan Adolphe Adam; rawar bale ce, wato rawar Turawa da ake ba da labari da motsin jiki ba tare da magana ba. Labarin wata ƴar ƙauye ce da wani ɗan sarauta ya ɓoye asalinsa ya yaudare ta, baƙin ciki ya kashe ta, ta zama fatalwa cikin fatalwar matan da aka yaudara. A wannan tsohon salo, mata na sanye da fararen kaya, suna tsayawa kan ƴan yatsun ƙafa, motsinsu ɗaya. Masu sonsa sun san kowane taku, gwanintar mai rawa suke zuwa gani.

A 2016 mai tsara rawa Akram Khan ya sake gina ta ga ƙungiyar English National Ballet a Ingila. Giselle ɗinsa ƴar ci-rani ce, cikin ma'aikatan masaƙa da aka rufe, ƙaton bango ya raba su da masu dukiya. Ya sa takun kathak, wata rawar gargajiya ta Indiya, fatalwar matan kuma sanduna suke riƙe da su, gashi a warwatse. Jama'a sun karɓe ta hannu bibbiyu, ko da yake wasu masu riƙo da tsohon salo sun ce taushin asali ya ɓace.

Ni ta Khan na fi so a nuna wa matasanmu na unguwannin Birni da Zango, ko a waya ce. Wanda ya ga matan Kance suna kama hanyar Agadas zuwa Aljeriya da goyo a baya, ba sai an yi masa bayanin bangon nan ba. Tsohuwar kuwa, sai an fara ba mutum labarin kafin ya gane abin da hannuwan masu rawar ke faɗi.