iZombie ko Santa Clarita Diet? Ɗauki iZombie

Ƙanina, tsakanin finafinan nan biyu masu dogon zango da ka tambaya wanne za ka kalla, iZombie da Santa Clarita Diet, ɗauki iZombie ka huta. Dukansu na saya da kuɗina a nan Garwa, ɗaya har yau yana cikin kwamfutata, ɗayan ko sati bai yi ba na goge shi.

iZombie labarin wata yarinya ce Liv Moore, likita a garin Seattle na Amurka, ta je fati cikin jirgin ruwa wani ya yakushe ta, ta farka gashinta ya soma fari, kuma ba abin da ranta ke so sai ƙwaƙwalwar mutum, wato ta zama abin da ake kira zombi. Maimakon ta shiga kashe bayin Allah sai ta nemi aiki a ɗakin ajiye gawa. To duk mamacin da ta ci ƙwaƙwalwarsa sai ta ɗauki halinsa, ta riƙa ganin abin da ya gani kafin ya mutu, da haka take taya ɗan sanda Clive kama masu kisa, shi kuma ya ɗauka 'yar duba ce, da farko abokin aikinta likita Ravi ne kaɗai ya san gaskiya.

Lokacin zafin Afrilu muka fara shi, an ɗauke wuta, ɗaki ba ya shiguwa, muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan isha'i ni da ƙannena, kwamfuta a kan turmi. Goggo ta zo wucewa da buta daidai inda Liv ke zuba wa ƙwaƙwalwa barkono, don su zombin nan ba sa jin ɗanɗanon komai sai yaji, ta tsaya ta yi salati ta ce wannan ai mayya ce, me kuke kallo haka. Ta zauna a bakin tabarma wai minti ɗaya, wallahi ba ta tashi ba sai da batir ya mutu. Washegari ita ce ke tambaya yau mayyar nan halin wa za ta ɗauka. Farkon sezon 2 da Liv ta ci ƙwaƙwalwar wani tsoho mai mita ta koma faɗa da kowa, Goggo dariya har da share hawaye da bakin zani. Ni abin da nake so ke nan a fim irin wannan, akwai ɗan tsoro amma dariyar ta fi yawa, kuma za ka tausaya wa yarinyar don ta rabu da saurayinta Major da suka yi baiko saboda kada ta shafa masa ciwon. Sezon 5 ne, episod 71, daga 2015 zuwa 2019, kuma sun ƙarasa labarin. Daga sezon 4 da aka killace garin da katanga ya ɗan yi nauyi, dariyar ta ragu, amma ana kallo. Akwai wuraren soyayya da nake tura gaba idan yara na kusa, ka riƙe wannan.

Santa Clarita Diet kuwa na Netflix ne, 'yar fim Drew Barrymore ce matar da ta zama zombi a cikinsa, ita da mijinta dillalan gidaje. Mijin yana da ban dariya, ba zan hana shi ba. Amma tun episod na farko amai ta cika gida da shi muna cikin cin tuwo, ga jini ga ashar, kuma a 2019 aka tsayar da shi bayan sezon 3, episod 30 kacal, suka bar labarin a tsakiya. Kuɗina na yi ta tunawa.

Ba ka tambaya ba amma sai na faɗa maka, ka yi hattara da masu tura fim a kasuwa. Wani ya karɓi kuɗin sezon 2 cikakke ya ba ni 13, alhali 19 ne, sauran sezon huɗun su ne 13-13. Da na koma ya rantse haka aka fitar da shi. Ya kuma haɗa min wasu da Faransanci wasu da Turanci ba rubutu a ƙasa, Goggo ta rasa mai fassara mata. Ka ƙirga episod ɗin a gabansa, ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe ka ji harshen, sannan ka miƙa sefa ɗinka. Kuma kada ka ba shi memorin da hotunan iyalinka ke ciki, ka sayi wani daban na fim kawai, jiga 16 ya ishe ka ka fara da sezon 1 da 2.