Alƙalamin gashin tsuntsu: wata uku ina fama da shi

Na daɗe ina sha'awar rubutun ado, irin wanda harafi zai yi kauri a nan ya sirance a can, to da na ci karo da wani kwali a intanet mai ɗauke da alƙalamin gashin tsuntsu da 'yar kwalbar tawada ban tsaya wani dogon tunani ba na yi oda. Kaya ya iso, kwali kam ba laifi, ga gashi zanƙalele an rine shi ja jawur, amma da na ɗaga na duba gindin sai na ga ashe bakin ƙarfe ne aka cusa aka liƙe da gam, gashin ado ne kawai. Yana rubutu fa, ba zan masa sharri ba, sai dai nauyinsa duk ya taru a ƙasa, gashin kuma sai sharar kumatuna yake duk layin da na ja. Wannan kyauta ce ta ajiya a kan tebur, ba kayan aiki ba.

Haushi ya sa na sake oda, wannan karon gashin dinya guda 5 tsiraru, ba a feƙe ba, an dai riga an gasa su sun yi tauri. Nan aka fara wasan.

Abu na farko da ya ba ni mamaki, masu rubutun da ba sa barin gashin a jiki, tsige shi suke su bar sandar da ɗan tuntu a sama, wannan buyagin gashin da muke gani a fim yawanci burga ce. Kuma ba kowane gashi ake yi da shi ba, manyan nan biyar na bakin fiffike su ne masu ƙwari, mai rubutu da dama an fi so ya samu na fiffiken hagu saboda lanƙwasarsa tana kauce wa ido. Nawa uku na hagu ne biyu na dama, mai sayarwa bai ma ambata ba, ni kuma a lokacin ban san ana tambaya ba.

Fiƙa ita ce jarrabawar. Za ka sare ƙarshen a karkace, ka zaro ɓargon nan mai kama da ɓawon albasa daga ciki, ka yi 'yar tsaga a tsakiya, ka sassaƙe gefe da gefe har baki ya fito, sannan ka ɗora shi a kan abu mai tauri ka datse tsinin daidai faɗin da kake so. A bidiyo minti biyu ne an gama. Na farko tsagar ta zarce min har kusan rabin sanda, ƙas! shi kenan ya tafi. Na biyu wuƙata ba kaifi, maimakon yanka sai ta dinga murƙushe shi. Sai a na uku, bayan na wasa wuƙar sosai kuma na jiƙa gindin a ruwa ya ɗan yi laushi, na samu baki mai kyau, wallahi da na ja layin farko na ga ya fito siriri kamar zare sannan ya buɗe da na sauko ƙasa, sai da na yi dariya ni kaɗai.

Ba shi da nauyi ko kaɗan, kamar ba ka riƙe komai ba, kuma a nan mai biro yake shan kashi don hannunmu ya saba dannawa. Ka danna wannan baki ya wage, tawada ta zubo ɗigil a tsakiyar aikinka. Shafa takarda kawai ake yi. Tebur shimfiɗaɗɗe ma matsala ne, sai da na jingina katako a karkace alƙalamin ya ɗan kwanta sannan ɗigar ta ragu, shi ya sa a zanen marubutan Turai na da za ka ga teburinsu a tsaye-tsaye. Tsoma ɗaya tana kai ni layi ɗaya ko ɗaya da rabi.

Tawadar da ta zo a kwalin farko ruwa-ruwa ce, gudu take. Wadda ta yi min ita ce tsohuwar haɗin nan mai sinadarin ƙarfe, tana sauka fari-fari sai ta sha iska ta koma baƙa wuluk a gabanka, kuma ita da take cin bakin ƙarfe da tsatsa ba ta yi wa gashi komai. Takardar fotokwafi kuwa kar ma ka ɓata lokaci, tsotsewa take harafi ya yi gemu.

Abin da zai gundiri mutum shi ne bakin yana cinyewa, bayan shafi uku zuwa huɗu sai na sake ɗan datse shi, in ya kwana biyu a bushe kuma tsagar ta buɗe sai an jiƙa. Sai na dinga tunanin mutanen da suka yi sama da shekara 1000 suna wannan hidima, da shi aka rubuta Magna Carta, takardar da ta taƙaita ikon sarki, a Ingila a 1215, da shi aka rubuta takardar 'yancin kan Amurka a 1776, sai wajen shekarun 1820 da masana'antun birnin Birmingham na Ingila suka fara buga bakin ƙarfe da yawa sannan kasuwarsa ta mutu. Ban ga laifin waɗanda suka gudu ba gaskiya. Har yau dai Kotun Ƙolin Amurka tana ajiye wa lauyoyi fararen alƙaluman gashi a kan teburinsu, su tafi da su gida.

Na gwada shi a rubutun Larabci, ƙananan haruffa ya yi in ka yanke bakin a karkace, amma manya faɗinsa bai kai ba, na kara ya fi shi nesa ba kusa ba. Na kuma gwada gasa gashin talotalo da kaina a yashi mai zafi, yashin ya yi zafi da yawa gindin ya kumbura ya murɗe, ɗaki ya ɗau ƙaurin ƙonannen gashi har dare.

In hoto kake so ka ɗauka, sayi na kwali. In rubutu ne, nemi tsirarun da aka gasa, ka tambaya na wane fiffike ne, ka sayi ninkin abin da kake tunanin za ka buƙata, wuƙar kuma ta fi gashin muhimmanci. Ni yanzu saura min biyu, na ukun nan da ya fara yi min rubutu tsabar fiƙa ya koma bai fi tsawon ɗan yatsa ba.