Tutoriyal ko jagora: wanne ya fi wa 'yar aji biyu?

Hajiya, kin ce 'yarki ta haye aji biyu a karatun likitanci a Jami'ar Bayero ta Kano (BUK), kina tambaya ko ki nema mata mai tutoriyal, ko ki haɗa ta da ƙawarki babbar likita ta riƙa yi mata jagora. Aikinsu ba ɗaya ba ne, kuma a bana ɗaya ya fi ɗaya gaggawa.

Mai tutoriyal darasi ne a gabansa. Daga aji biyu zuwa na uku abu uku ne za su sha mata kai: Anatomi (ilimin sassan jiki), Fiziyoloji (yadda sassan ke aiki) da Bayokemistiri (sinadaran da ke cikin jiki), sannan babbar jarabawar da ke raba mai shiga asibiti da mai maimaitawa. Makin ci 50 ne cikin 100, babu ragi. Akwai gwajin da za a soka fil a wata 'yar jijiya a jikin gawa, fomalin, maganin da ke hana gawa ruɓewa, yana sa ido ruwa, a ce ta rubuta sunan jijiyar da aikinta kafin ƙararrawa ta kaɗa ta matsa teburi na gaba. Wanda zai shirya ta don wannan shi ne ɗan aji huɗu da ya fito daga ciki bara, har yanzu warin ɗakin bai bar hancinsa ba. Ya san inda ake yawan tambaya, ya san babin da za a karanta sau biyar da wanda leƙawa ta isa. Kuma galibi ɗalibai ne ke yi wa junansu, ta ƙungiyoyinsu, sau da yawa ko sisi ba a biya. Illarsa ɗaya: yarinya ta koma haddar tsofaffin tambayoyi ta ajiye littafi. Irin wannan kan tsallake takarda, sai asirinta ya tonu a gwajin baka.

Ƙawarki kuwa, kada ki sa ran za ta zauna ta warware mata Bayokemistiri. Ta yi shekaru da barin wannan, kuma tana da majinyata. Ranarta na zuwa idan an koma Asibitin Malam Aminu Kano, aka fara zagayen duba marasa lafiya. Nan ne tsohuwa za ta zo daga ƙauye ta ce "jikin ne duk ba daɗi", 'yarki kuma a ce ta fito da tarihin ciwo daga wannan magana. Nan ne kwansoltan, wato babban ƙwararren likita, zai tsare ɗaliba da tambaya a gaban gado har ta ji kamar ƙasa ta tsage. Jagora ce za ta ce mata ni ma an yi mini, ga yadda ake gabatar da majinyaci. Ita ce kuma ta maganar aure ana tsakiyar karatu, da inda za a yi aikin koyo na shekara ɗaya bayan shekaru shida, da fannin da za a ƙware bayan hidimar ƙasa.

Sai dai akwai abin da iyaye ba sa lura da shi. Ƙawar uwa uwa ce. Ranar da na faɗi gwajin farko a Anatomi, likitan da babana ya haɗa ni da shi shi ne na ƙarshe da ya ji, don na san kafin magariba labari ya isa gida. Wani da ya girme ni da aji biyu na gaya wa, a kan bencin mai shayi.

Don haka bana ki bar ta ta shiga tutoriyal ɗin 'yan gabanta, kuɗin da kika ware ki sa a littattafai da abinci. Ta riƙa kai wa ƙawarki gaisuwa lokaci-lokaci don a saba. Jagorar da za ta buɗe wa ciki kuwa, ki bari ita ta zaɓa, ko da matashiyar likita ce da ta gama shekaranjiya, kuma kada ki riƙa bugo mata waya kina tambayar me suka tattauna.