Kilifar Askin Mage da Matajin da Aka Ba Ni Gyara

Duk wanda ya ajiye mage 'yar Farisa a Katsina ya san ba cikinta ne aikin ba, gashinta ne. Kafin bazarar da ta wuce na yi odar kilifa mai caji daga wata mai sayar da kayan dabbobi a Kano, aka saka min a motar Katsina, ta kuma haɗo min da matajin ƙarfe gyara. Yanzu da na ga bazara da damina da hunturu da su, zan iya faɗin abin da na gani.

Kilifar ba laifi. Ƙararta ba ta kai ta masu aski ba, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, don magena Gimbiya ko fanka aka kunna da ƙarfi sai ta shige ƙarƙashin gado. Caji ɗaya yana isa a gama aikin, ba sai ana zaman jiran wuta ba. Aibinta shi ne bakin yana ɗaukar zafi da wuri. Ni ina ɗora shi a bayan hannuna lokaci-lokaci, in na ji ɗumi sai in kashe, mu huta. Fatar mage siririya ce ƙwarai, musamman a hammata da ƙasan ciki, inda gashin ya fi dunƙulewa. Shi ya sa almakashi ba ya zuwa kusa da ita a gidana: dunƙulen yakan janyo fatar sama, mutum na yanka gashi sai ya haɗa da nama.

Amma maganar gaskiya, matajin nan na gyara shi ne ya fi aiki. Gefe ɗaya haƙoransa a wawware, ɗayan a matse. Burushin roba da ake sayarwa saman gashin kawai yake shafa, ya bar ƙasan yana cuɗewa kamar kitson da ya shekara ba a tsefe ba. Shi na ƙarfen har fata yake kaiwa. Kullum bayan la'asar nakan ɗora ta a cinya, in fara da bayan kunne, in gangara wuya da hammata, in ƙare da cinyoyin baya, inda ba ta so sam. Tun da na riƙe wannan, amai da curin gashi ya ragu sosai, don abin da mataji ya kwashe ba za ta lashe ta haɗiye ba. A hunturu ma ƙurar da ke maƙalewa a jikinta nan take fita. In an ga dunƙule, kada a jiƙa shi da ruwa, ƙara ɗaurewa yake yi.

Wata maƙwabciyata ta ce min, "Maman Khalil, ki yi mata ƙwal-kwabo mana ta huta da zafin nan." Likitan dabbobi ya hana. Gashin yana kare fatar daga rana, abin da ya dace shi ne a rage na ciki da na wajen gindi saboda tsafta. Matsalar zafi ba a gashi kaɗai take ba, tana hanci. Irin nan na Farisa tun gasar kyanwoyi ta 1871 a Landan ake baje kolinsa, masu kiwo a Ingila da Amurka suka yi ta zaɓe har fuskar ta shafe, numfashi ya yi wuya. To ka kawo wannan halitta garin da Afrilu ke haura digiri 40! Tawa a kan tayil take wuni kusa da randa, ruwa a kwano biyu. Mage in ta buɗe baki tana haki, ba aski take buƙata ba, asibiti za a nufa da ita nan take.

Abu ɗaya da mataji ba ya magani shi ne hawayen da ke bar mata jan layi a gefen hanci. Wannan sai auduga da ruwa mai ɗumi kowace safiya. Ƙuma kuwa, in haƙoran mataji sun fito da baƙin gari-gari, a tambayi likita. Maganin ƙumar karnuka mai sinadarin permethrin guba ne ga mage, haka ma paracetamol.

Mai ƙaramin ƙarfi ya fara da mataji. Kilifa za a iya haɗa kuɗi da wata mai magen a riƙa karɓa-karɓa, a dai goge bakin da kyau kafin a mayar, saboda makero yana bin kayan aski.