Kashin jini da ma'aunin Truelove: saƙo daga Ingila zuwa Jos

'Yan'uwa na Jos, ina gaisuwa. Masu tambaya ko maganin kumburin hanji ya fi kyau a Ingila, amsar ita ce e, amma ba a tsadar magani bambancin ya fi yawa ba.

Ciwon iri biyu ne: gyambon babban hanji, mai sa zawo da jini da majina, da cutar Crohn, wadda kan kama ko'ina daga baki zuwa dubura. A gida an fi kiransa atuni ko basir, a sayi Flagyl a kemis, ya lafa, ya dawo. A nan likitan unguwa zai ba majiyyaci robar gwaji, a auna wani sinadari a bayan gida mai suna kalfurotektin. Ƙasa da 50 yawanci babu kumburi. In ya haura sosai sai a tura shi a leƙa hanji da na'ura, a gutsuro tsoka a duba. Duk kyauta ne a NHS, wato tsarin lafiya na gwamnati, sai dai layi, a yi makonni ko watanni ana jira. Magani kuwa ana biyan fam 9.90 kan kowane iri.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda har yau ake aiki da binciken wani likitan Oksfod, Sidney Truelove. A 1955 shi da Leslie Witts suka gwada kotizon, maganin rage kumburi, a kan masu gyambon hanji, suka nuna yana rage mutuwa, suka kuma tsara ma'aunin gane mai tsanani. Kashin jini sau 6 ko fiye a rana, tare da ɗaya daga cikin waɗannan: bugun jini sama da 90 a minti, zafin jiki sama da 37.8, ƙarancin jini, wato Hb ƙasa da 10.5, ko ESR, gwajin jini mai nuna kumburi, sama da 30. Wanda ya cika wannan ma'auni, gado ake ba shi, a fara masa allurar haidirokotizon, wani nau'in kotizon, miligiram 100 sau 4 a rana ta jijiya, da allurar hana daskarewar jini duk da jinin da yake zubarwa. A rana ta 3 a sake ƙirga: in zawon ya wuce sau 8, ko yana tsakanin 3 da 8 amma CRP, wani gwajin jini mai nuna kumburi, ya haura 45, to a sauya magani ko a kira likitan tiyata. Agogo, ma'aunin zafi da gwajin jini ke nan. Babu wanda ya gagari asibiti a Bukuru ko Tudun Wada.

Sai dai kada a kwafa ido rufe. A wajenmu dole a fara duba ƙwayar amiba a bayan gida, domin kotizon a kan atuni na iya huda hanji. Tarin fuka na hanji ma yana kama da Crohn ƙwarai. Shi ya sa kafin a ba da infiliksimab, ƙarin ruwan nan mai tsada da aka fara amfani da shi a 1998, sai an gwada tarin fuka da ciwon hanta nau'in B, don yana tayar da waɗannan cututtuka in suna kwance a jiki.

A 1977 Truelove da abokan aikinsa suka gano ɓangaren da ke aiki a cikin salfasalazin, tsohon maganin gyambon hanji, daga nan mesalazin ya fito, wanda a nan shi ne na farko. In salfasalazin ne ya samu a gida, yana aiki kuma ya fi araha, amma a haɗa da folik asid, a yi gwajin jini na G6PD don maganin yana iya fasa jinin masu ƙarancin wannan sinadari, a kuma sanar da magidanci cewa yana rage ƙwayoyin maniyyi har sai an daina sha. Daikulofenak da maganin tsayar da zawo kuwa, a nisance su lokacin da ciwon ya tashi.