Sharhi: Yadda rahoton Marti da mai bincike suka tantance mini Mustang Boss 302 ta 1970

Shekara 11 ke nan ina zaune a jihar Ohio ta Amurka, kuma tun zuwana nake da burin mallakar ɗaya daga cikin tsofaffin motocin nan masu ƙarfin inji da kamfanonin Detroit suka ƙera a ƙarshen shekarun 1960. A kakar bara wani dillali a jihar Pennsylvania ya tallata Ford Mustang Boss 302 ƙirar 1970, shuɗiya mai ɗaukar ido, ya kuma rubuta cewa komai nata na asali ne, tun daga inji har fenti. Kafin in ba da kafin alƙalami sai na biya kuɗin hidima iri biyu: rahoton tarihin mota na kamfanin Marti Auto Works, da aikin wani ƙwararre mai zaman kansa wanda ya je ya duba motar da idonsa. A kan waɗannan biyun nake wannan sharhi.

Dalilin da ya sa ba a sayen irin wannan mota da ka shi ne ƙarancinta. Ford ya ƙera Boss 302 ne domin ya cika sharaɗin gasar tseren Trans-Am, wadda ta taƙaita girman inji a kan lita 5, ta kuma wajabta wa kamfani ya sayar wa jama'a irin motar da zai kawo filin tsere. Larry Shinoda ne ya tsara kamanninta, kuma da ita Parnelli Jones da abokan tuƙinsa suka ciwo wa Ford kambun gasar a 1970. Shekara biyu kacal aka yi ana ƙera ta a wancan zamani, guda 1,628 a 1969 da guda 7,013 a 1970, alhali Mustang ta gama-gari mai irin wannan bodi tana nan birjik. Baƙaƙen ratsin gefe, da fiffiken baya, da tambarin suna, duk ana sayar da sababbinsu a yau, don haka duk mai gareji da ɗan haƙuri zai iya mayar da Mustang ta kowa da kowa ta koma kamar Boss cikin 'yan makonni. Da yake ta gaskiya tana ninka ta gama-gari kuɗi, masu yin jabu ba su da dalilin hutawa.

Abu na farko da na koya shi ne cewa shafukan binciken tarihin mota da muka saba amfani da su kafin mu tura wa 'yan'uwa mota gida ba su da amfani a nan, domin an gina su ne a kan lambar shasi mai alamomi 17 da aka fara aiki da ita a 1981. Lambar Mustang ta 1970 alamomi 11 ce kawai. Ta wannan motar ta fara da 0F02G: sifili yana nufin 1970, F masana'antar Dearborn da ke Michigan, 02 nau'in bodi mai gangararren baya, G kuma shi ne harafin injin Boss 302. Da a ce an haɗa ta a masana'antar Metuchen ta New Jersey, inda aka ƙera wasu a wannan shekarar, da T za a gani a gurbin F.

Kamfanin Marti, wanda Kevin Marti ya kafa a jihar Arizona, yana da lasisin Ford na amfani da bayanan ƙirar motocinsa tun daga na 1967. Rahoton nasa hawa uku ne, ni kuwa na zaɓi na tsakiya, wanda kuɗinsa bai kai dala 100 ba. Na tura lambar shasi ta shafinsu, bayan 'yan kwanaki rahoton ya iso ta imel. Shafi ne da ba shi da ado, amma babu layin banza a cikinsa: ranar da aka karɓi oda, ranar da aka haɗa motar, ranar da aka sayar da ita, dilan da aka kai wa, launin fenti da na kujeru, nau'in giyabos, da jerin duk wani ƙarin kaya da mai saye na farko ya biya. Ya tabbatar da cewa Ford ya ƙera Boss 302 da wannan lamba a Dearborn cikin Nuwamban 1969. Sai dai a layin launi ba Grabber Blue, wato shuɗin da ke jikinta, aka rubuta ba, Medium Lime aka rubuta, wato kore mai kama da ɗanyen lemon tsami. Haka kuma a jerin kaya babu fiffiken baya, babu baƙaƙen sanduna masu inuwa da ke kan gilashin baya, babu mazuƙar iskar nan da ke leƙowa ta bonet tana rawa tare da inji, alhali dukkansu suna jikin motar a hotunan talla. A wannan shafi guda maganar dillali ta cewa fenti na asali ne ta faɗi, kuma ban taɓa kashe kuɗi kaɗan haka ya yi mini aiki mai yawa haka ba.

Amma dole mai karatu ya fahimci iyakar abin da takarda za ta iya shaida. Rahoton yana faɗin abin da Ford ya ƙera da wannan lamba sama da shekaru 50 da suka wuce. Ba zai iya faɗin ko ƙarfen da ke tsaye a garejin dillali shi ne wancan ƙarfen ba. Akwai masu sayen gawar Boss da tsatsa ta cinye ko haɗari ya lauye, su cire farantin lambar da ke kan dashbod, su manna shi a jikin lafiyayyar Mustang ta gama-gari, sannan su nemi rahoto na gaskiya su ɗora a kai. Takarda sahihiya ce, lamba sahihiya ce, mota kuwa biri ne aka sa wa riga. Wannan ne ya sa na nemi mutum na biyu.

Ƙwararren da na ɗauka dattijo ne da ya daɗe yana gyaran tsofaffin motocin Ford, kuma ya caje ni dala 900 har da kuɗin hanya. Na tuƙa mota na same shi a can domin in ga aikin da idona. Abin da ya fara nema shi ne a sassauta madigadin gaba na ɓangaren direba, domin a ƙarƙashinsa, a kan ƙarfen da ya kewaye ɗakin inji, masana'anta ta buga lambar shasi da ƙarfe, inda ido ba ya kaiwa. Dillali ya yi turjiya, ya ce za a kuje masa fenti, sai dattijon ya fara mayar da kayan aikinsa cikin jaka ba tare da ya ce uffan ba, ni kuma na ce idan ba za a buɗe ba to cinikin ya mutu a nan. Da aka buɗe, bai tsaya a karanta lambar kawai ba. Ya haska tocila ta gefe domin inuwa ta fito da zurfin kowane harafi, ya zura ɗan madubi ta ƙasa yana neman alamar walda ko facin ƙarfe, sannan ya shafa wurin da yatsa a hankali kamar mai karatun makafi. Ya nuna mini yadda haruffan ba su daidaita sosai a layi ba, ya ce wannan alheri ne, domin ma'aikacin masana'anta da ke cikin sauri ba ya buga lamba da tsaftar da ɗan damfara yake bugawa. Lambar ta dace da ta dashbod da ta ƙofa.

Daga nan ya bi alamomin da suka fi ratsin fenti wuyar kwaikwayo. Ya shiga ƙarƙashin motar ya nuna mini shakazoban baya, ɗaya a gaban gatarin ƙafafun baya ɗaya a bayansa, tare da mazauninsu da ya ce waldar masana'anta ce. Ya duba ƙarin ƙarfen da aka ƙarfafa mazaunin shakazoban gaba da shi, ya kuma sa hannuna a leɓen madigadin gaba domin in ji yadda aka lanƙwasa shi ciki saboda faɗin taya. Giyabos ɗin mai giya huɗu ne na hannu, wanda shi kaɗai Ford ya sa wa wannan mota, kuma guntun lambar shasi da ke jikinsa ya dace. Na'urar auna kaurin fenti ta nuna ciko a gefen baya na dama, a cikin but kuma, bayan ya ɗaga shimfiɗa, sai ga ragowar koren fentin da rahoton Marti ya ambata. Wannan ɗan tabon kore ya fi komai kwantar mini da hankali, domin a nan ne takarda da ƙarfe suka yi magana da murya ɗaya.

A wurin inji aka daɗe. Ford yana zuba lamba a jikin ƙarfen inji tun a maƙera, kuma lambar tana da ma'ana: D0ZE, alal misali, tana nufin ƙirar 1970 ta Mustang daga sashen injuna. Akwai kuma lambar ranar zubi, inda 9L14 ke nufin 14 ga Nuwamba 1969, saboda da haruffa ake jera watanni tun daga A, ana kuma tsallake harafin I. Ranakun da ke kan kawunan injin sun zo kafin ranar haɗa motar da 'yan makonni, kamar yadda ya kamata. Gangar injin kuwa, wato babban jikinsa da fistin ke aiki a ciki, da ya zura ƙaramar kyamara mai wutsiya ta ƙasa, sai ta nuna D1ZE, wato ƙirar 1971, kuma a bayanta, inda ya kamata a ga guntun lambar shasi, wurin sumul yake. Ya bayyana mini cewa injin Boss 302 ya yi ƙaurin suna wajen tsagewar fistin, ga shi kuma matasan wancan zamani sun riƙa cire na'urar da ke hana shi wuce juyi 6,150 a minti, don haka motoci da dama sun rasa injinsu na farko tun suna sababbi, aka sa musu gangar canji irin wannan. Ganga ce ta Boss ta gaskiya, da toshiyar ruwa masu zare da duk sauran alamominta, amma ba ita ce motar ta fito da ita daga Dearborn ba, kuma a kasuwar masu tara motoci wannan bambanci na kuɗi ne masu kauri.

Ina da ƙorafi biyu a kan aikinsa. Ya yi alkawarin rubutaccen rahoto cikin kwana uku, amma sai da na kira sau huɗu kafin ya turo shi bayan kwana 12, a lokacin da dillali yake matsa mini lamba cewa wani ya taya. Da rahoton ya zo kuma, hotuna ne sama da 200 babu bayani a ƙarƙashin ko ɗaya, ta yadda wanda bai halarci binciken ba zai yi wuya ya gane ko wane ƙarfe yake kallo. Ya kuma ƙi faɗa mini nawa motar ta cancanta, yana cewa aikinsa tantancewa ne, ba kimanta farashi ba. Wannan ya ɓata mini rai a ranar, amma daga baya na ga hujjarsa, domin mai binciken da ya shiga harkar ciniki ya fara zama dillali. Duk wanda zai ɗauki irinsa, ya nemi a rubuta ranar miƙa rahoto a yarjejeniya, kuma idan da hali ya je wurin da kansa, saboda kashi mafi amfani na aikin a baki aka yi mini shi, muna durƙushe a gefen mota.

Da takardun biyu a hannu na koma wa dillali. Bai musanta komai ba, cewa ya yi shi ma haka aka sayar masa, kuma ina ganin da gaskiyarsa. Na taya ƙasa da abin da ya sa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ya ce albarka, muka rabu. Bayan mako biyu ya kira ni da kansa, muka daidaita kusa da tayina, na kuma sa aka rubuta a takardar ciniki cewa gangar injin ta canji ce kuma an sauya launi. Motar tana garejina yanzu, har yau shuɗiya, da rahoton Marti a cikin ambulan a aljihun dashbod. Na riga na tambayi mai fenti nawa zai karɓa ya mayar da ita koriyarta ta asali, sai dai mai ɗakina ta ce ba za ta shiga mota mai launin lemon tsami ba, don haka maganar fentin tana nan a ajiye zuwa bazara.