Kwaɗon ruwa da kwaɗon tudu: wa sanyi ya fi yi wa ɓarna?

'Yar'uwa, kin ce da ƙanƙara ta narke a ɗan kududdufin bayan gidanku a Ingila, sai ga matattun kwaɗi masu santsin fata suna yawo a saman ruwa, amma ko ɗaya babu cikin masu kaushin fatar nan. Kin tambaya ko guba ce. Da wuya. Masu santsin fatar su ne kwaɗon ruwa, masu kaushin kuma na tudu, wurin kwanansu a lokacin sanyi ne ya bambanta.

Kwaɗon ruwa, musamman mazan, da yawa cikin laka suke lafewa a ƙasan kududdufi har sanyi ya wuce. A nan ta fata suke numfashi. Ƙanƙarar kwana biyu ba ta komai, domin ƙasan ruwa bai daskarewa. Matsalar ita ce in ta daɗe, dusar ƙanƙara kuma ta lulluɓe ta. Haske ya daina shiga, tsirran ruwa su daina ba da iskar oksijin, ga ruɓaɓɓen ganye yana cinye wadda ta rage. Shaƙewa suke yi, sai ƙanƙara ta narke a gan su a kumbure. An ga haka sosai a sanyin 2009 zuwa 2010, wanda Birtaniya ta yi shekara kusan 30 ba ta ga irinsa ba.

Shi kuwa na tudu ba ruwansa da kududdufi a lokacin. Yana can ƙarƙashin gungume, ko tulin taki, ko ramin ɓera. Dusar da ke kashe ɗan'uwansa ita ce bargonsa. Abin da ke cutar da shi busasshen sanyi ne mai ratsa ƙasa, sai kuma motoci in ya fito neman ruwan da zai yi ƙwai.

Ko a ƙwan ma na ruwa ya fi wahala. Da wuri yake zubawa, dunƙule a saman ruwa, sanyin ƙarshe ya kashe na sama. Na tudu yakan jinkirta, ƙwansa kamar zare ne naɗe da ciyawa a ƙarƙashin ruwa.

Don Allah kar ki fasa ƙanƙarar da guduma, girgizar tana cutar da abin da ke ciki. Ki share dusar haske ya shiga, ki rage ganyen da ke zuba tun kafin sanyi. Matattun kuma ki kwashe su yanzu kafin su ɓata ruwan.